Alhaji, Ajiye Gorar Nan: Tsattsewa Ba Ta Ci Maka Komai Ba

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka a Injamena, ƙasa ta jiƙa, bakin kwata ya tara laka, sai a buɗe wani yaƙi a gidajen masu hali, yaƙin da ba a shelanta shi a labaran rana. A gefe guda akwai maigida da direbansa da maigadi da doguwar gora. A ɗaya gefen kuwa tsattsewa ce guda biyu, mace da namiji, waɗanda ko an haɗa su a kan ma'auni ba su kai nauyin ƙwan kaza ɗaya ba. Laifinsu shi ne sun liƙa 'yar sheƙar laka a kusurwar gareji, saman inda mota take kwana. Hukunci kuwa nan take ake zartar da shi: a zungure sheƙar, ƙwai su fashe a kan siminti, ko 'ya'yan da ko gashi ba su yi ba su faɗo, kyanwa ta samu kalaci. Ni dai a wurina wannan zalunci ne, kuma bayan zaluncin akwai wauta, domin ko mai yin sa ba ya biya masa bukata.

Bari in fara ba mai gareji haƙƙinsa, kada a ce na yi shari'a da kunne ɗaya. Kokensa uku ne, kuma duk gaskiya ne. Na farko, kashi. Kashin tsuntsu yana da guba mai cin fenti, in ya kwana a kan mota, rana ta gasa shi, sai ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Na biyu, ƙofa. Tsuntsuwar tana son shiga da fita tun asuba har magariba, shi kuwa mutum ba zai bar garejinsa a wangale ba a garin da ake satar batir da madubin mota. Na uku, tsohuwar sheƙa takan tara ƙananan ƙwari irin na jikin tsuntsu. Ban raina ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ce maganinsu gora.

Mu san baƙuwar tukuna. Bahaushe ya tara tsuntsaye da yawa a ƙarƙashin sunan tsattsewa. Akwai mai dogon bindi da jan maƙogwaro, wadda take haihuwa a Turai, ta ƙetare Sahara ta biyo ta kanmu wajen watan Satumba da Oktoba, ta sake bi ta koma wajen Maris da Afrilu. Wannan 'yar ci-rani ce, ba ta gini a nan. Akwai baƙaƙen nan masu farin ƙugu da suke cincirindo a ƙarƙashin gadoji da indararon manyan gine-gine suna ƙara da yamma. Sai kuma mai farin ciki da ɗan ja a goshi, wadda masana tsuntsaye suke jingina sunanta ga ƙasar Habasha, alhali tana nan zaune daga Sudan har arewacin Najeriya. Ita ce mai shiga ɗakuna da rumfuna da gareji. 'Yar ƙasa ce, kuma kakanninta suna shawagi a bakin Kogin Shari tun kafin Faransawa su kafa sansanin Fort-Lamy a 1900, balle a sauya wa garin suna a 1973. In ana maganar wa ya tarar da wa, to Alhaji, kai ne ka zo daga baya.

Yanzu mu yi lissafi, tunda masu mota sun fi kowa son lissafi. Ginin sheƙa yana cin mako ɗaya zuwa biyu, ana ɗauko laka da baki ƙwaya-ƙwaya, sawu ɗaruruwa, ana haɗawa da ciyawa. Ƙwai ba su cika wuce biyu zuwa huɗu ba. Kwanci kamar mako biyu ne, kuma a lokacin kwanci kusan babu wata ƙazanta. Daga ƙyanƙyashewa zuwa tashi, mako uku ne da 'yan kwanaki. A farkon wannan lokaci ma iyayen ne suke ɗauke kashin 'ya'yan da baki su yar a waje. Sai 'ya'yan sun yi ƙwari suke juya baya su sako shi ƙasa. Ke nan ainihin ɓarnar da ake ta kumfar baki a kanta ta mako biyu ce zuwa uku, a kan fili ɗan ƙarami da tabarmar salla za ta rufe. Gaskiya ne wani lokaci sukan sake zubi na biyu kafin damina ta ƙare. To a ninka. Mutumin da yake jure ramukan unguwa da caɓin Agusta da layin gidan mai, shi ne zai ce haƙurinsa ya ƙare a kan wannan?

Ga kuma inda wautar take. Tsattsewa tsuntsuwa ce mai riƙe wuri. In ta zaɓi kusurwa, ka rushe yau, jibi ka tarar da sabon harsashi a daidai gurbin. Lakar da take faɗowa lokacin gini ita ma ƙazanta ce, don haka mai rushewa kullum yana tsawaita wa kansa abin da yake gudu, aikin baban giwa ke nan. Wasu sukan rataya tsofaffin faifan CD ko leda mai ƙyalli, ko su sayo mujiyar roba su kafa. Kwana kaɗan tsuntsuwar take gane cewa abin ba ya motsi, har ta mayar da kan mujiyar wurin hutawa. Mafi muni su ne masu fesa fiya-fiya a cikin sheƙa. Guba ce mai ƙarfi, a cikin rufaffen ɗakin da yara suke shiga ɗauko keke, wani lokaci ma nan maigadi yake shimfiɗa. Ka kashe tsuntsu huɗu, ka shaƙa wa iyalinka abin da ya fi kashin tsuntsu illa nesa ba kusa ba.

Abin da yake aiki kuwa ba shi da tsada. A samu ɗan falankin katako, a kafa shi a ƙarƙashin sheƙar da tazarar kamu biyu ko fiye, don ya tare kashi ba tare da ya toshe wa tsuntsayen hanya ko ya zame wa kyanwa tsani ba. In sheƙar tana tsakiyar rufi, a matsar da motar taku biyu, ko a lulluɓe ta da tamfol da dare. A shimfiɗa kwali ko yashi a ƙasa, a kwashe ranar Juma'a. In za a share busasshen kashi, a yayyafa masa ruwa tukuna don kada a shaƙi ƙurarsa. Batun ƙofa kuma, tsattsewa ba ta bukatar a buɗe mata ƙyaure. Kafa mai tsawon santimita 5 da faɗin santimita 20 a can sama ta ishe ta, kuma ban san ɓarawon da zai bi ta nan ba. Yawancin garejinmu ma suna da tazara tsakanin bango da kwano wadda ta fi haka. Bayan 'ya'ya sun tashi, damina ta wuce, ga sheƙar nan babu kowa: in ka ga dama ka cire, ka wanke wurin, babu mai ce maka don me.

Wani zai ce shi fa sam ba ya son tsuntsu a garejinsa. To, gidansa ne, kuma ba a tilasta wa mutum baƙo. Amma ƙin baƙo yana da lokaci, a bakin ƙofa ake sallamarsa, ba a bari sai matarsa ta haihu a ɗakin sannan a watso musu kaya waje. Tun watan Afrilu da Mayu, kafin laka ta samu, a toshe kafofi da raga, a riƙa rufe ƙofa. In ka ga sun fara liƙa ƙwayoyin laka na farko, ka goge a ranar, ka rufe hanyar, za su nemi wani wuri tun ba su yi asarar komai ba sai wahalar yini ɗaya. Wanda yake da sauran kara sai ya kafa musu ɗan katako a ƙarƙashin rumfar waje. Iyakar da nake kafawa ɗaya ce: da zarar an yi ƙwai, hannu ya fita, sai an tashi.

Me muke samu a madadin wannan ɗan haƙuri? Tsattsewa ba ta cin gero, ba ta taɓa shanyar tsaki, ba ta leƙa tukunya. Saboda wannan hali ne Larabawa suka yi mata laƙabi da tsuntsuwar Aljanna. Abincinta ƙwari ne masu tashi, a iska take cafke su: ƙuda, shinge, ƙananan ƙwarin da suke tasowa daga ruwan kwance. Ba zan ce da ku tana maganin zazzaɓin cizon sauro ba, domin sauron da yake sa zazzaɓi aikin dare yake yi, ita kuwa da rana take farauta, sai ɗan abin da suka haɗu da magariba. Gidan sauro yana nan a matsayinsa. Amma garin da yake zaune a mahaɗar Shari da Logon, garin da ruwa ya ci unguwar Waliya a 2022 har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, ya sake ganin wata ambaliyar a 2024, ba garin da zai kori mai cin ƙwari kyauta ba ne. Ma'aikaciya ce da ba ta neman albashi, ba ta yajin aiki, kuɗin hayarta kawai ɗan falankin katako.

Ya kamata kuma mu tambayi kanmu me ya kai ta gareji tun farko. A gidan kakanninmu akwai zaure, ƙofarsa a buɗe yini guda, rufinsa na azara mai lunguna, bangonsa na ƙasa mai kama laka. Nan almajiri yake fakewa, nan matafiyi yake kwana, nan tsattsewa take gini, ba wanda ya taɓa kiran wannan matsala. Yau mun ja katanga mai tsawo, mun sa ƙyauren ƙarfe, mun malale tsakar gida da siminti, mun rufe tagogi da gilashi. Ɗaki ɗaya ne ya rage mai inuwa da kafar shiga, shi ne wanda muka gina wa mota. Gareji shi ne magajin zaure, sai dai baƙon da aka yarda ya kwana a ciki na ƙarfe ne. Halin ma ya wuce gidaje. Mutanen garin nan ba su manta da manyan itatuwan titin Charles de Gaulle da aka sare bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008 ba. Mun saba da cewa duk abin da ya tsaya mana a gaba, in dai ba ya iya magana, gatari ne amsarsa. Ana gama sarewa kuma mu zauna muna kukan zafi.

A Faransa, inda manyanmu suke zuwa hutu da ganin likita, rushe sheƙar tsattsewa laifi ne da doka ta tanadar wa hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara uku da tarar Yuro 150,000. Ba ina kiran a kwafo mana wannan doka ba ne, muna da dokoki da yawa da suke barci a cikin durowa. Abin da yake ba ni haushi shi ne muna da abin da ya riga dokar Faransa da shekaru fiye da dubu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Masu tarihi kuma sun kawo labarin Amru ɗan Asi a Masar, wajen shekara ta 641, lokacin da zai tashi da runduna zuwa Iskandariyya aka tarar kurciya ta yi ƙwai a kan tantinsa, sai ya ce a bar tantin a tsaye. A wurin ne daga baya aka gina birnin Fusɗaɗ, wanda yau yake cikin Alƙahira. Kwamandan yaƙi ya bar wa tsuntsuwa makwancinsa. Kai kuma an ce ka matsar da Toyota taku biyu, ka ce abin ya yi maka nauyi.

Akwai wani abu da ya fi fenti tsada, shi ne wanda ake miƙa wa gorar. Alhaji ba ya hawa kujera da kansa. Yaron gida ake sa wa, ko ɗan cikinsa mai shekara goma, sauran yara suna tsaye suna kallon abin da ya faɗo yana motsi a ƙasa. Darasin da suka ɗauka a ranar ya fi na makaranta zama a kai: mai ƙarfi yana da izinin rushe gidan marar ƙarfi in ya ɓata masa kaya. Gobe in ka ga yaron da danƙo yana bin duk abin da yake tashi, ko ya girma ya zama mai gidan haya da yake cire wa talaka ƙofa a tsakiyar damina, kada ka tambayi inda ya koyo. Mu ne fa mutanen da suke murna in shamuwa ta sauka a kan itacen gida, muna cewa damina ta kusa, ba mai jifanta duk da tulin kashin da take zubarwa. Ban ga dalilin da zai sa babba ta samu alfarma, ƙarama ta samu gora ba.

Saboda haka roƙona ga masu gareji daga Farsha har Shagwa, daga Mursal har Digel, guda uku ne. Wanda ba ya so, ya toshe tun kafin ruwa ya sauka. Wanda ya makara har aka yi ƙwai, ya nemo kafinta ya kafa katako, ya ƙirga mako shida. Wanda kuma maigadinsa ya zo da gora yana jiran umarni, ya ce masa ya mayar da ita inda ya ɗauko. Allah ya sa mu ji tausayin na ƙasa da mu, ko na sama ya ji tausayinmu.