Injin Yankan Ciyawa: A Yi Lissafi Kafin A Saya

Maganar da ta fi yawa a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a nan Unguwar Rogo ita ce ta sana'ar yankan ciyawa. Samarinmu sun lura cewa da zarar ruwa ya zauna, makarantu da ofisoshi da majami'u da gidajen ma'aikata a cikin Sakkwato sukan nemi mai share musu fili. Suna so ƙungiya ta fitar da kuɗin asusu ta sayi babban inji irin wanda mutum ya ke bi a baya, mai jan kansa, mai faɗin inci 36 ko 48, irin na masu wannan sana'a a Amurka. Niyyar tana da kyau, gama ta fi zaman banza. Amma mu ra'ayinmu shi ne kada a sayi wannan babban. Ga dalilanmu, 'yan'uwa su auna.

Tun 1830 da wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin farko a Ingila, domin ƙasarsu aka yi shi, inda ciyawa ta ke lallausa, fili kuwa shimfiɗe kamar tabarma. Mu a nan daminarmu daga Yuni ne zuwa Satumba. Watau wata huɗu ke nan na aiki, in an yi sa'a a taɓa Oktoba. Sauran watanni sai 'yan wurare kaɗan da a ke yi wa ban ruwa. Injin da zai kwanta wata bakwai ko takwas a ɗaki, da me zai biya bashinsa? Ubangijinmu ma ya yi misali da mai gini wanda ya kamata ya zauna ya ƙidaya abin da ke hannunsa tukuna, a cikin Luka sura 14.

To, mu zauna mu ƙidaya. Ƙaramin inji na turawa yana yanka faɗin inci 21, watau santimita 53. In mutum yana tafiyar kilomita 4 a awa, zai yanke wajen murabba'in mita 2,000 a awa ɗaya. Kadada guda murabba'in mita 10,000 ce, ke nan awa biyar a takarda. A sa juyawa da kwashe duwatsu da shan ruwa, a ce yini guda. Mai inci 36 zai gama a wajen awa uku. Wannan gaskiya ne, ba mu musu. Sai dai mu tambayi kanmu, filaye nawa ne a hannunmu da suka kai kadada? Yawancin aikin da za a ba mu tsakar gida ne, da bakin katanga, da gindin dogon yaro, da gefen lambatu, inda babban ba ya ko iya juyawa. Ga kuma ɗaukarsa. Ƙarami mutum biyu za su ɗora shi a keke mai ƙafa uku. Babba sai an yi hayar mota, ladan yinin ya tafi a nan.

Sa'an nan ga mai. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa har ta haura naira 1,000. Duk wanda ke ban ruwa a fadamar Rima ya san yadda wannan ya taɓa shi. Babban inji babban ciki gare shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne gyara. Mai jan kansa yana da giya da bel da wayoyi, kowanne kuwa abin lalacewa ne a cikin yashi. Kafin kowa ya biya ko kwabo, ya je wurin masu kayan gyara a kasuwa da hoton injin, ya ce a nuna masa fulogi, da kafireta, da matatar iska, da igiyar tayarwa, da wuƙa. Kada ya yarda da "za mu aiko daga Kano ko Legas". In ba a sa masa su a hannu ba, ya bar injin. Sunan Honda ko Briggs & Stratton a jiki abu ne mai kyau, makanikanmu sun saba da Honda ta wurin injin ban ruwa. Amma a lura, na ban ruwa sandarsa a kwance ta ke, na yankan ciyawa kuwa a tsaye, saboda haka ba kowane abu na wannan ke shiga wancan ba. A kuma sani cewa Honda ta daina ƙera irin waɗannan injuna masu shan fetur a masana'antarta ta Amurka a 2023. Na hannu da a ke shigo da su suna da araha, amma ba mai gaya maka awa nawa suka yi aiki.

Akwai wani abu kuma da mu manoma bai kamata ya wuce mu ba. A ƙasar Turawa ciyawar da aka yanke shara ce. A Sakkwato kuɗi ce. Kyasuwa da harkiya da burburwa, in an yanke su da ɗanyensu kafin su tsufa, aka shanya a inuwa aka ɗaure, abincin tumaki ne da awaki a bazara, sa'ad da dami ya ke tsada. Maƙwabtanmu masu turkar ragunan layya ba sa daina nemanta. Inji mai wuƙa mai juyawa niƙe ciyawa ya ke yi, ya gauraya ta da ƙasa da leda, ba ta ɗauruwa. Wanda a ke ratayawa a kafaɗa, mai dogon hannu da faifai a baki, yana kwantar da ita da tsawonta kamar lauje. Yana shiga lungu, ba ya jin tsoron gamba ko tudu. Wurin da aka ba ka ladan yanka, aka kuma bar maka ciyawar, ka ci riba biyu.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara da na kafaɗa guda, da ƙaramin na turawa guda domin wuraren da aka dasa kirikiri. Na turawan ya zama mai jikin ƙarfe wanda mai walda zai iya liƙewa, mai manyan ƙafafun baya, marar giya. Samari ne za su tura, ƙarfi kuwa Allah ya ba su. Yawancin na kafaɗa sai an gauraya musu fetur da man inji bisa ga awon da aka rubuta a takardarsu. Wanda ya zuba fetur zalla ya kashe shi a yini ɗaya.

Waɗansu dattawa sun ce, ina za a kai masu langalanga da lauje da ke cin abinci da wannan aiki? Tambaya ce ta gaskiya, kada a yi mata dariya. Mu dai muna ganin a jawo su ciki. Inji ba ya tsince duwatsu, ba ya tara ciyawa, ba ya ɗaure dami. A ba su wannan da lada mai kyau, wanda ya so koyon injin kuma a koya masa.

Mutum ɗaya za a danƙa wa kowane inji, da littafin rubuta awoyi da mai. Abin kowa da kowa ba ya daɗewa, mun gani a kan injunan niƙa. A canja baƙin mai bayan kowace awa 50, a duba matatar iska kowace safiya saboda ƙurarmu, a kai wuƙa wasa in ta dakushe. Takalmin roba mai rufi da tabarau wajibi ne, a kori yara nesa, gama dutsen da wuƙa ta harba yana fasa ido. Ba mai sa hannu a ƙarƙashi sai ya cire hular fulogi.

Kafin taron da za a yanke shawara, muna roƙon kowane reshe ya aiki mutum biyu su zaga makarantu da ofisoshi da majami'un da ke kusa da su. Su auna filin da taki, su ji sau nawa a ke son yanka a damina, nawa za a biya, wa zai biya, da kuma ko za a bar mana ciyawar. Su kawo wa magatakarda a rubuce.