MAI DIFLOMA NA ZAUNE, LIKITA NA RUFE

Ya ku 'yan'uwa na Tasawa da Mayahi, da ku na Kanambakashe, da Korgom, da Urafan, da Sarkin Hausa, da Hawan Dawaki, a karanta wannan takarda a gaban jama'a, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Duk lokacin da talaka ya tambaya don me likitar garinsu ba ta da malamin jinya sai mutum guda, amsa ɗaya ake ba shi: ƙasa tana cikin matsi, babu kuɗi, a yi haƙuri. Mun ji. Amma a garuruwan nan namu akwai samari da 'yan mata da suka yi shekara uku suna koyon aikin jinya, iyayensu suka sayar da gero da awaki suka biya, suka fito da difloma, ga su nan zaune. Wani yana kabu-kabu, wani yana tsaron kantin magani na wani ɗan kasuwa, wata tana zuwa asibiti kullum da farar riga tana aiki ba albashi, wai ita 'yar sa-kai ce. Ga majinyaci yana jira, ga mai jinya yana jira, an hana su haɗuwa. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ku ɗauki alli ku yi lissafi da kanku. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 550,000 a gundumar Mayahi, sama da 510,000 a ta Tasawa. Ma'aunin da hukumar lafiya ta ƙasa take ambata shi ne malamin jinya ɗaya ga mutum 5,000. Ke nan tun a wancan lokaci kowace gunduma tana bukatar sama da 100, ban da ungozoma, ban da likitoci. Kuma jama'a ba ta tsaya a inda aka ƙidaya ta ba. Jihar Maraɗi tana cikin wuraren da aka fi haihuwa a duniya. Yaran da aka haifa shekarar ƙidayar yanzu sun isa noma.

Wannan waƙa ta babu kuɗi tsohuwa ce, mun san ranar da aka fara rera ta. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta je wurin Asusun Lamuni na Duniya a 1983, Asusu da Bankin Duniya suka ce sai an rage abin da ake kashewa kan ma'aikata. Daga nan ɗaukar aiki ya fara ja da baya. Da can yaro in ya gama makarantar kiwon lafiya ta gwamnati, ta Yamai ko ta Damagaram, ya san aiki na jiransa. Aka toshe wannan ƙofa. A 1987 aka yi taron Bamako, aka ce majinyaci ya riƙa biyan wani abu a bakin likita. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada, ma'aikata kuma suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. Waɗanda suka tsara wannan abu a Washinton da Paris ba su taɓa ɗora mace mai naƙuda bisa amalanke cikin rairayin Mayahi ba. Amma kada mu ɗora musu kayan duka. Su suka kawo takarda, namu suka sa hannu, kuma namu suka ci gaba da tafiya kan wannan hanya bayan an daina tilasta musu.

A Abuja, cikin Afirilu 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Nijar tana cikinsu. An yi mulkin farar hula, an yi na soja, alkawari yana nan kwance.

To, da aka hana gurbin aiki na gaskiya, me aka kawo a madadinsa? Aka kawo kwantaragi. Nan ne ya kamata ku saurara da kyau, don nan cutar take.

Ma'aikacin gwamnati cikakke yana da lambar aiki. Albashinsa yana hawa da shekaru, yana da fansho, in ya rasu iyalinsa suna da abin karɓa, banki yana ba shi rance ya gina ɗaki. Ɗan kwantaragi allura ɗaya yake yi da shi, gadin dare ɗaya suke yi, cuta ɗaya take kama su, amma abin da ake ba shi bai kai na wancan ba, yakan zo a makare, kuma kullum yana cikin fargabar a ce an gama da shi. A ƙarƙashinsa kuma ga ɗan sa-kai, wanda ba shi da ko wannan. Yana zuwa ne da fatan wata rana in an buɗe ɗaukar aiki a tuna da shi. Shekara biyu, shekara biyar, yana jira. Mutum ne mai ciki, yana da uwa, wataƙila yana da mata. Me kuke tsammani zai ci? In kun ji an ce wani ya sayar da magani ta bayan taga, ko ya nemi na goro kafin ya duba yaro, ba mu wanke shi ba, laifi ne. Amma wanda ya sa mutum aikin shekara biyar ba lada ya san abin da ya shuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A zamanin Shugaba Tandja, daga 2001, an gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka masu yawa. Abu ne mai kyau, ba mu ƙi ba. A 2006 kuma aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, gwamnati za ta mayar wa likitoci kuɗinsu. Mata suka fito da yara, layi ya yi tsawo, kuɗin da za a mayar ya riƙa makalewa a Yamai wata da watanni, kanta ta bushe. A watan Agusta 2024 aka sake rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci ya yi. Sai dai duk ranar da aka rage kuɗi, masu zuwa ƙaruwa suke yi. In ba a ƙara hannu ba, wancan mutum guda ne zai duba su duka, cikin Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarewar rumbu.

Wasu za su ce ai ƙungiyoyin agaji suna ɗauka, kuma suna biya da kyau. Haka ne. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa a Nijar, yawancinsu a jihar Maraɗi, kuma da hannun 'ya'yan ƙasar nan ta yi. A 2008 gwamnati ta dakatar da reshenta na Faransa a Maraɗi, aikin ya tsaya. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka suka mutu ko'ina a Afirka. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ta ce ta karɓi 'yancinta ba ta barin albashin mai yi wa 'ya'yanta allura a hannun baƙo.

Matsi gaskiya ne, ba mu ce ƙarya ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke lantarki, masu ba da tallafi suka janye, aka rage kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga wajen biliyan 3,290 na sefa zuwa wajen biliyan 1,980. Duk mai kai kaya Jibiya ko Katsina ya ɗanɗana. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. Amma ko a ranar da kuɗi ya fi ƙaranci, wani ne ya zauna ya zaɓi abin da za a yanke da abin da za a bari. Sauro bai san takunkumi ba.

Sai maganar rabo. Masu bincike na cibiyar LASDEL sun daɗe suna rubuta cewa ungozomomi sun yi cunkoso a Yamai alhali karkara ba kowa. Mai uwa a gindin murhu ana tura shi daji da safe, kafin yamma takardar mayar da shi birni ta fito. Don haka ko an ɗauki dubu gobe, in ba a gyara wannan ba, Isawan da Cake ba za su ga ko ɗaya ba.

Abin da muke nema ba shi da wuyar ganewa. A ba da lambar aiki, kuma a fara da wanda ya yarda ya zauna ƙauye, da wanda ya riga ya yi shekaru yana sa-kai a can. Gurbin ya zama na garin ne: in mutum ya tashi, albashin ya tsaya wa wanda zai maye shi, kada ya bi shi Yamai. Wanda ya cika shekarun da aka yanka masa a daji shi ne na gaba wajen ƙarin karatu da zaɓen inda zai koma. A ba shi ɗaki kusa da likita, da kuɗin zaman karkara da yake zuwa tare da albashi a rana ɗaya. Wannan na ƙarshe kada ku raina shi. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kafa shirin tura ungozomomi karkara a 2009, aka raba nauyi: gwamnatin tarayya ta biya kashi, jiha kashi, ƙaramar hukuma kashi tare da masauki. Da farko mata suka tafi. Da jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka daina cika nasu, suka tattara kayansu. Can kuma yanzu Ingila ce take kwashe su; hukumar malaman jinya ta Nijeriya ta faɗa a 2024 cewa sama da 42,000 sun fita cikin shekara uku. Namu ma suna da ƙafa.

Ɗaki kuwa ba sai an jira Yamai ba. Hukumar gari tana karɓar kuɗin kasuwa kowane mako, kuma garin da ya iya gina masallacin Juma'a da gudummawa ya iya gina ɗaki biyu da zagaye.

Kowane reshe ya tashi mutum biyu su je likitar yankinsu cikin ladabi, su gaida manjo, su tambaya: ku nawa ne a nan, nawa ke da lamba, nawa ke kwantaragi, nawa ke sa-kai, kuma tun yaushe? Su bi unguwa-unguwa su ƙidaya masu difloma da ke zaune, ba sai an rubuta sunan kowa ba. A aiko da lissafin ta hannun direbobin da kuka amince da su ranar kasuwa. In ya taru, za a buga shi gari-gari a wannan takarda, a kai kwafi ɗaya ofishin lafiya na gunduma, ɗaya wurin gwamna a Maraɗi.