Baƙi Su Miƙe Tsaye, Sannan Kuma Me?

Akwai wani wa'azi da ya zama ruwan dare a majami'un birane, wato caccakar "masu yawon coci". Wai mutum ya shekara a Abuja, wannan Lahadi yana Nyanya, mai zuwa yana Mararaba, ta bayanta an hango shi a Masaka, ya kasa zama wuri ɗaya. Wai raunin bangaskiya ne, wai farautar al'ajibai ce, wai gudun horon dattawa ne. Mu da aiki ko aure ko tashin hankali ya raba da garuruwanmu, muka yi wannan yawo da ƙafafunmu, muna da ta cewa. Masu farautar al'ajibai suna nan, ba mu musa ba. Amma da yawa daga cikin masu yawon nan gida suke nema, kuma majami'un da suke zarginsu su ne suka hana su samu.

Kowa ya san yadda ake yi. Bayan sanarwa sai a ce baƙi su miƙe tsaye. A tafa, mawaƙa su ɗaga waƙar maraba, na kusa ya miƙo hannu, wani saurayi ya kawo kati a cike: suna, lambar waya, sana'a, ikilisiyar da aka fito. Minti uku an gama. Karɓar gaskiya kuwa sai an tashi sujada, a farfajiya, inda jama'a ke watsewa rukuni-rukuni, kowane da yarensa. Nan ne ake yi wa baƙo tambayar da ba ta cikin kati: "Ɗan ina ne kai?" In amsar ta dace, kafin ya kai bakin titi an haɗa shi da ɗan ƙauyensu, an gaya masa ranar taron ƙungiya, an yi masa alkawarin ɗaki. In ba ta dace ba, "Allah ya ba da sa'a, sai Lahadi." Lambar wayar da ya rubuta ba za ta yi ƙara ba sai lokacin godiyar kaka, sa'ad da ake rabon ambulan.

Wannan cuta tana da asali, kuma ya kamata matasa su san shi. Masu mishan da suka shigo arewa ba su so su yi ta cin karo da juna, sai suka raba ƙasa, kowa da gonarsa. SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, ta yi ƙarfi a kudancin Kaduna da wasu sassa, daga cikinta ECWA ta fito a 1954. SUM ta fara a Wase a 1904, reshenta na Ingila ya haifi COCIN a Filato, reshen Denmark ya kafu a Numan a tsakanin Bachama. 'Yan'uwa daga Amurka suka fara a Garkida a 1923, inda EYN ta samo tushe a tsakanin Bura da Margi da maƙwabtansu. Sakamakon shi ne, sunan ikilisiyar mutum ya zama kusan adireshin ƙauyensa. Ka faɗi ɗarikarka, a yi hasashen yarenka. A ƙauye wannan bai dami kowa ba, domin majami'a ɗaya ce, kowa ɗan gida ne. A birni ne abin ya zama katanga.

Kakanninmu sun ga katangar, kuma sun nemi tsani. Tsanin kuwa Hausa ce. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, tun kafin yawancin harsunanmu su sami ko da Sabon Alkawari. Da Hausa aka koyar da masu bishara a makarantun Littafi Mai Tsarki, da ita aka yi littafin waƙoƙin da har yau tsofaffi suke rerawa ba tare da sun buɗe shi ba. Dubi sunayen kansu: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, Zumuntar Mata, Sabon Rai Don Kowa. A Kaduna ma, ma'aikatan da suka fito daga ikilisiyoyi dabam-dabam sun ƙi kowa ya gina tasa bukkar, suka haɗu wuri ɗaya, abin da ya zama HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Ɗan Tarok da ɗan Bajju da ɗan Kilba suna iya zama benci ɗaya su yi "Amin" tare, domin akwai harshen da ba na ɗayansu ba ne, amma dukansu suna jin sa.

To ina wannan tsani yake yau? A majami'u da yawa na birni an jingine shi a bayan gida. Sashen Turanci ya sami sabon gini, da fanka da na'urar sauti da babban fasto. Sashen Hausa a ba shi tsohon ɗakin da aka tashi daga ciki, ko lokacin da ya rage, ko da sanyin asuba ko da rana ta take, sannan a turo masa mai wa'azin da yake koyon aiki. Taron kasafin kuɗi da Turanci, rahoton shekara da Turanci. In lokaci ya ƙure, fassara ce ake fara yankewa. Ba wanda ya taɓa tsayawa a bagade ya ce masu sujadar Hausa ƙananan masu bi ne. Jadawalin ne yake faɗa kowace Lahadi.

Su wa ke zaune a wancan tsohon ɗakin? Maigadi, ɗan acaba, birkila, yarinyar da aka kawo aikin gida, tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga ƙauye don ta yi jinya. Da kuma waɗanda suka gudo daga Gwoza da Michika da Chibok, waɗanda ba su zo birni neman arziki ba. A 2014 hatta hedikwatar EYN da ke Kwarhi sai da 'yan Boko Haram suka mamaye ta, mutane suka bazu har zuwa sansanoni irin na Durumi da Kuchingoro a Abuja. Wato mutanen da suka fi kowa bukatar gida, su ne aka ajiye a zaure. Wadda ta binne mijinta cikin gaggawa, ko ma ba ta sami gawarsa ba, ta taka zuwa majami'a a sabon gari, aka yi mata tafi na minti uku, ta fita ba wanda ya san inda take kwana. In Lahadi mai zuwa ta gwada wata majami'ar, da wane baki za a kira ta mai yawo?

Akwai kuma baƙon da baƙuncinsa ninki biyu ne: Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare mai bin Almasihu. Daga Wusasa zuwa ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina akwai gidajen da suka kai kakanni uku cikin ikilisiya, har suna da Tarayyar Masihiyawa tasu. Amma ɗansu ya shiga majami'a a Legas ko Fatakwal da hula da babbar riga, sai ka ga masu tsaron ƙofa sun ƙara buɗe ido. Ya faɗi sunansa, a ce "A'a, sunanka na gaskiya fa?" A waje ana yi masa kallon wanda ya bar gida, a ciki ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Mun san tsoron da hare-haren bam suka dasa a zukata, kuma ba mu ce a daina bincike a ƙofa ba. A bincika jakar kowa. Binciken asalin mutum ne muke ƙi.

Za a ce mana yara sun tashi a makarantun Turanci, ba sa iya karanta Hausa. Gaskiya ne, kuma ba mu nemi a rufe sashen Turanci ba. Za a ce wasu suna ƙyamar Hausa saboda tarihin da ta zo musu da shi, suna so su yi sujada da harshen uwa. Wannan ma hakkinsu ne, muna murna da kowane sabon juyi da ya fito da Berom ko Tyap ko Kamwe. Amma a majami'ar birni mai yaruka ashirin, ba harshen uwa ne yake maye gurbin Hausa ba, Turanci ne, kuma Turanci a ƙasar nan yana tafe da takardar makaranta. Da aka ture Hausa, katangar ƙabila ba ta faɗi ba, sai aka ɗora mata ta aji a kai.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, ikilisiyar farko a Urushalima ta yi rikici a kan harshe: masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake gwaurayen matansu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su yi musu wa'azin haƙuri ba, ba su ce masu gunaguni ne ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma duka bakwai ɗin, har da Istifanus, sunayen Helenawa gare su. Aka ba waɗanda ake tsallakewa mabuɗin rumbu. A majami'arku, mutum nawa ne daga sashen Hausa suke cikin dattawa? Nawa ne suka san abin da ke cikin asusu?

Abin ban haushi shi ne, maganin yana cikin gida. Zumuntar Mata ba ta raba kati. Mace ta haihu, sai ga su da sabulu da zani da kunun kanwa. An yi rasuwa, su ne da tukwane tun kafin fasto ya iso. Sun riƙe maganar nan cewa zumunta a ƙafa take, shi ya sa sau da yawa matar gida takan zauna da gindinta a sabuwar ikilisiya cikin wata biyu, mijinta kuwa ya shekara yana zama a bencin baya. Abin da muke nema bai wuce wannan ba. Duk wanda ya miƙe tsaye ranar Lahadi, a sami mutum biyu da za su taka zuwa ɗakinsa kafin Asabar, kuma kada su zama 'yan yarensa. Babban fasto ya riƙa hawa bagaden sashen Hausa da kansa, in bai iya ba ya koya, kamar yadda Turawan da suka zo daga ƙetaren teku suka koya. Jibin Ubangiji a riƙa cin sa tare, a babban ɗaki, da harsunan biyu. Rahoton kuɗi kuma a karanta shi da Hausa, domin maigadin nan da ke bencin baya shi ma ya sa nasa a cikin baiko.