Kafin ka ce "na koma sana'ata gaba ɗaya", zo mu yi lissafi

1/ Tun da aka shigo da yayin nan na "daina neman aiki, mayar da 'yar sana'arka babbar sana'a" nake haɗiye magana. Yau dai zan furzar. Masu buɗe aji a WhatsApp kuna karɓar dubu bibbiyu don koyar da "sirrin arziki", ku yi haƙuri, da ku nake. Zaren da ɗan tsawo.

2/ Kar wani ya yi min fassara, ba sana'a nake suka ba. Ni ma data da caja nake sayarwa a makaranta, da su nake buga takardun lakca ba tare da na kira gida ba. Abin da nake suka shi ne ƙaryar da ake shirga wa matasa, wai ribar da kake gani a 'yar sana'ar gefe ita za ka gani, har ta ninka, in ka koma mata ɗungurungum. Wallahi ba ita ba ce.

3/ Mu ɗauki yarinya a nan Daura mai cincin da samosa da dambun nama. Ta ɗora hoto a status, oda ta shigo. A ce ta sayi kayan dubu goma, ta sayar dubu sha biyar. Sai ta ce ta ci ribar dubu biyar.

To 'yar uwa, gas ɗin wa kika ƙona? Kaskon wa? Firjin wa? Wa ya kai wa kwastoma? Ƙaninki, a babur ɗin Baba, da man Baba. Wa ya yanka miki albasa? Ƙanwarki, kyauta. Da dare kin ci tuwon gidan, kin kwana a ɗakin da ba kya biyan haya. Kaso mai tsoka na wannan dubu biyar ɗin tallafin iyaye ne, kike kiran sa riba.

4/ Mu kuwa mun san ma'anar cire tallafi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ranar da ka kama shago ka ce "yanzu da ƙafata na tsaya", ranar ce taka 29 ga Mayun. Haya, wuta, man janareta, kuɗin mota, ladan yaron aike, kayan da suka lalace, duk za su taso maka lokaci guda.

5/ Sai ladan kanka, wanda ba wanda yake sa shi a lissafi. Mafi ƙarancin albashi a doka tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar 77,000 tun Maris ɗin 2025. In sana'ar da za ka zauna mata daga safe har isha ba za ta iya biyan ka ko 70,000 ba bayan ta biya komai nata, to malam ka ɗauki kanka aiki ne a ƙasa da farashin gwamnati, kuma ba ka da wanda za ka yi wa yajin aiki.

6/ Tambaya ta gaba: su wa ke saye a wajenka? Ka duba wayarka tsakani da Allah. 'Yan ajinku, abokan unguwa, 'yan uwa. Wasu suna saye ne don kunya, wasu don ƙarfafa maka gwiwa. Allah Ya saka musu, amma ba a gina shago a kan kunya.

Wanda ya yi yajin aikin ASUU na 2022 ya gani da idonsa. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Sana'ar da duk kwastomominta ɗalibai ne ta tafi hutu tare da su. Yanzu a Daura muna murna da Federal Poly da Jami'ar Sufuri, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ɗalibai sun ƙaru, ciniki ya motsa. Gaskiya ne. Amma ɗalibi yana tafiya hutu, mai shagon haya kuwa kuɗin shekara yake karɓa, ba ruwansa da zangon karatu.

7/ Kuma don Allah a daina kwafo mana darasin Legas. Kasuwar ƙasar Daura da iyaka take numfashi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai ƙarshen 2020 aka fara buɗe wasu. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake garƙamewa har Maris ɗin 2024. Ku tambayi masu harka a Kwangwalam da masu cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi yadda suka ji. Ƙara da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane. Cikin shekara biyar, sau nawa ke nan kasuwa ta tsaya cak saboda hukuncin da aka yanke a inda ba mu nan? Mai ƙafa biyu ya ɗingisa ya wuce. Wanda ya zuba komai a kwando ɗaya fa?

8/ Yanzu mu zo kan abin da ya fi cin shago a garinmu, wanda ban taɓa jin wani mai aji ya ambata ba: bashi.

A Daura kowa ɗan uwan wani ne. Gwaggo za ta aiko a ba ta turare "sai ƙarshen wata". Abokin Yaya zai ce "rubuta min". Maƙwabcin da ya ɗauke ka a kafaɗa kana yaro zai tsaya ya ce "ɗana, a loda min na dubu biyu, anjima zan turo". Anjimar nan har yau tana hanya. Ka hana, a ce yaron nan ya fara ganin kuɗi ya manta asali. Ka bayar, ka je tambaya, a ce ba ka da kunya.

9/ Lokacin da sana'ar gefe ce, bashi haushi kawai yake ba ka. Ranar da ta zama ita ce abincinka, uwar kuɗi yake ci. Ga wani abu kuma: da zarar an ga allo da sunanka a bakin titi, ka tashi daga "ɗalibi" ka koma "mai shago". Biki, suna, asibiti, gudummawa, kai za a fara tunawa. Ba laifi ba ne, haka muke rayuwa, ni ma ba na son mu daina. Amma kuɗi ne, daga aljihun shagon suke fita, kuma ba wanda ya gaya maka ka sa su a lissafi.

10/ Iyayenmu 'yan kasuwa sun san wannan tun kafin a haife mu. Shi ya sa yaro yake shekaru a shagon ubangidansa kafin a sallame shi. A nan yake koyon wa ake ba bashi, wa ake wa murmushi a ce "wallahi Alhaji ya hana", wane wata kasuwa take mutuwa, yaushe ake sarin kayan Sallah. Mu muka raina wannan makarantar saboda ba ta da tambari da hoto mai kyalli, muka koma biyan dubu biyu ga wanda bai taɓa zaman shago na yini ɗaya ba.

11/ A gefe: ku taka daga tasha zuwa kasuwa ku ƙirga lemar POS. Ku buɗe status ku ƙirga masu data, masu turare, masu abaya. Dukkanmu abu ɗaya muke sayarwa, wa junanmu. Masu POS ma tun 2024 aka ce sai sun yi rajista da CAC, wani kuɗin ke nan.

12/ "Ai Dangote ma da ƙarami ya fara." Haba don Allah. Mutumin nan daga zuri'ar Alhassan Dantata ya fito, ya kammala karatunsa a Azhar ta Masar, sannan ya fara kasuwanci a 1977 da rancen cikin gida. In kana da irin wannan gidan, rufe zaren nan, ba da kai nake ba.

13/ Na san me za a ce: "To aiki babu a Najeriya, me za mu zauna jira?" Ban ce a jira ba. Ban ce takardar digiri tana dafa shinkafa ba. Wanda ya gama makaranta ba shi da komai a hannu sai sana'arsa, ya riƙe ta da hannu biyu, ba abin da zai rasa. Damuwata wanda yake aji uku a jami'a, saura masa shekara ɗaya, ko malamar firamare mai ɗan albashinta, a hure musu kunne su saki na hannu saboda cinikin Sallah ya yi daɗi. In shagon ya rushe, mai ajin ya riga ya ci dubu biyunsa ya buɗe sabon guruf. Kai ne za ka koma gida ka kalli idon Baba.

14/ Wasu kuma za su ce arziki na Allah ne. Haka ne, ba musu. Amma Alhazan kasuwa da suka fi mu sallar dare da tawakkali, kowannensu da littafinsa a ƙarƙashin teburi.

15/ In da gaske kake son komawa gaba ɗaya, gwada wannan tukuna. Sayi littafi, ka rubuta shiga da fita na wata shida, har da naira hamsin ɗin leda. Ka tabbata watannin sun haɗa da tsakiyar damina, lokacin da kuɗin mutanen Sandamu da Baure da Zango suke gona wajen taki da noma, sabon hatsi bai shigo ba. Raba asusun sana'a da na aljihunka. Biya Mama kuɗin gas. Biya ƙaninka ladan aike. Cire kuɗin hayar da za ka biya in da ka kama shago, ka ajiye gefe kamar ka biya. Bashin da ya wuce wata biyu, rubuta shi a asara. Sannan ka ƙirga kwastomomin da ba su san sunan babanka ba.

16/ In bayan duk wannan sana'ar tana biyan ka albashi, bismillah, kama shagonka. Ka gayyace ni addu'ar buɗewa, zan zo, kuma zan saya da kuɗi hannu.

17/ Masu aji, ƙasan nan a buɗe yake. Amma kar ku turo min hoton alat, alat ciniki ne, ba a cire komai a cikinsa ba. Littafin watan Agusta nake son gani, shafin shiga da shafin fita.