Wasiƙar Akawu: Fitilar Mota Ba Ta Kamawa Banza

Zuwa ga Edita. Ina roƙon filin da ka saba ba ni, domin in yi wa 'yan'uwanmu masu motocin haya magana, musamman na ƙasar Dambatta da Bichi da Kunchi, inda gona ta ke haɗe da gona, kuma mota guda ita ce ƙafar ƙauye duka. Ita ke kai hatsi Dawanau, ita ke ɗauko tumatirin Watari, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ran da ta ƙi tashi, ba direba kaɗai ya yi hasara ba.

Jama'a, motocin yanzu, irin su Hiace da Sharon, suna da ƙwaƙwalwa, watau wata 'yar kwamfuta mai lura da inji. Kadan ta ga abin da bai yi daidai ba, sai ta kunna fitila a gaban direba, ta kuma ajiye lamba a cikinta. Tun 1996 Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci wannan tsari, ƙasashen Turai suka biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai rami 16, nan a ke soka na'urar da ke karanta lambar.

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji ne da giya, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U kuwa na wayoyin da sassan mota ke magana da juna ta cikinsu. Misali, P0300 tana nufin inji yana tsallake wuta. P0562 tana nufin wutar mota ta yi ƙasa. U0100 tana nufin an daina jin ƙwaƙwalwar injin.

To, a nan ne kuɗin talaka ke salwanta. Lamba tana nuna unguwar da ciwo ya ke, ba ta nuna gidan. Wani mai wayarin da ya ga U0100 sai ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, a tafi Ƙofar Ruwa a sayo wata, alhali kuwa ɓera ne ya ci waya ran da motar ta kwana gindin rumbu. Saboda haka a fara da mai araha. A auna batir: lafiyayye ya kan nuna wajen bolt 12.6 in inji yana kashe, ya haura 13.5 in yana aiki. A kankare kan batir, a ɗaure wayar da ta haɗa shi da jikin mota, a duba fis, a busa ƙurar hunturu daga mahaɗan wayoyi. Batir mai rauni shi kaɗai ya kan haifar da lambobi barkatai. Kuma kada a yarda a goge lamba sai an rubuta ta a takarda. Mai cire ƙwan fitila don ta daina damunsa, kamar mai toshe kunne ne don kada ya ji kukan kura. In fitilar inji tana ƙiftawa, ko jar fitilar mai ta kama, a tsaya nan take.

Sa'an nan ga maganar tsaron ɓarayi. A cikin kan makulli akwai wani ɗan ƙwayar abu da motar ke ganewa. Jamus da Ingila sun wajabta shi ga sababbin motoci a 1998, shi ya sa motocin da a ke kawo mana na hannu su ke zuwa da shi. Makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma inji ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu nan da nan, fitila mai siffar makulli tana ƙiftawa. Abin da wasu ke yi shi ne su sa a kashe tsaron gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Wanda ya yi haka ya kori mai gadinsa da hannunsa, ya bar dukiyarsa a bakin kasuwa.

Shawarata, kowane mai mota ya sa wanda ya ƙware ya haɗa masa makulli na biyu tun na farko yana hannu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sayen mota kuwa, in ya tarar an kashe tsaronta, ya tambayi dalili, ya gwada lambar jikinta mai alama 17 da ta cikin takardu, kada ya sayi rigima da kuɗinsa.

Malaman makaranta da akawuna, ku karanta wa direbobin garinku wannan a tasha, lada ne. Allah ya kiyaye hanya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, ƙasar Dambatta.