A gwada yara tun suna firamare, kada a jira sai an sa rana

Duk manomin masara a Gazara ya san abin da zan faɗa. Idan ka sayi irin kamfani, mai aure, shekarar farko gona takan tashi kai ɗaya. Idan rashin kuɗi ya sa ka ɗebi iri daga amfanin nan ka sake shukawa baɗi, sai ka ga ta rarrabu: wata doguwa, wata gajera, wata goyonta da ƙyar. Halayen iyayen da aka haɗa ne, waɗanda suka ɓuya a shekarar farko, suka sake fitowa.

Wanda ya fara zama ya ƙirga wannan ɓuya da fitowa shi ma ɗan manomi ne, Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar wani irin wake na Turai a lambun gidan ibadarsu, tsiro kusan 28,000. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da ya bar 'ya'yan suka hayayyafa, sai gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku da ɗaya. Ya gane cewa kowane hali ƙwayoyin gado biyu ke ɗauke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata takan danne wata ba tare da ta shafe ta ba. Ya buga aikinsa a 1866, ya rasu a 1884 ba wanda ya kula, sai a 1900 masana suka tono shi.

Ba don masara na kawo tarihinsa ba, don sikila ne. Lissafin waken nan shi ne lissafin da ke aiki a ɗakunan matanmu. Likita James Herrick na Chicago ne ya fara bayyana cutar a rubuce a 1910, bayan an ga ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 James Neel a Amurka, da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, kowa a nasa ɓangaren, suka tabbatar cewa sai yaro ya gaji ƙwayar gadon cutar daga uwa da uba duka kafin ya zama SS, wato mai ciwon. Shekara saba'in da 'yan kai ke nan, amma har gobe a ƙauyukanmu za ka ji dangin miji suna cewa wance ce ta kawo musu ciwo gida, jininta ne ba shi da kyau. Wata ma a sake ta, maigida ya auro wata mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar guda ɗaya, a koma gidan jiya. Rabin abin daga gare shi yake, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Akwai kuskure na biyu, kuma masu boko sun fi yin sa. An gaya musu idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu ne zai fito SS, sai su ɗauka in na fari ya zo da ciwon, uku na bayansa sun tsira. Kowane ciki lissafinsa daban, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Mendel sai da ya ƙirga tsiro fiye da dubu kafin uku da ɗaya ta fito masa sarai. A gida mai 'ya'ya shida ana iya samun uku masu ciwon, ana iya rasa ko ɗaya. Na san gidaje iri biyun, kuma gidan da ya tsira shi ake kafa hujja da shi duk lokacin da aka so a ƙi jin shawara.

Me ya sa abin ya yi mana yawa haka, har kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da AS? Anthony Allison ya amsa a 1954 daga Gabashin Afirka: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, don haka inda sauro ya yi yawa ƙwayar takan yaɗu. An sake ganin haka a ƙasar Hausa, a binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, ta Jigawa a yanzu, daga 1969 zuwa 1976. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun tarar kusan biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, amma cikin manya da wuya a sami ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Ina kyautata zaton da yawa daga waɗanda kakanninmu suka kira 'yan wabi suna cikin wannan lissafi.

Jihar Kano ta kafa doka a 2024 cewa ba a ɗaura aure sai da takardar gwaji, kuma limamai da dama a nan yankinmu sukan nemi takardar. Abu ne mai kyau, sai dai lokacin ne bai yi ba. Ana zuwa gwaji bayan an yi baiko, an sa rana, an kai lefe, uban yarinya ya sayar da rake ya biya kuɗin gado da kujeru. A wannan gaɓar wa zai fasa? Nan ne ake fara neman wanda zai rubuta AA, wato ba ƙwayar sikila, a takarda, ko a ce an bar wa Allah. Duk mun yarda da ƙaddara, amma ban taɓa ganin ta hana manomi zaɓen iri kafin damina ba.

Shawarata ga shugabannin ƙananan hukumomin Maƙarfi, Ikara da Kudan ita ce a gwada yara tun suna aji shida na firamare, a makarantun allo da na Islamiyya ma haka. Gwajin sau ɗaya ake yin sa a rayuwa in an yi shi daidai. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ɗalibanta na neman inda za su koyi aiki. Ga masana jini a asibitin koyarwa na Shika da za su sa ido. Yaron da ya fito SS a fara kula da shi da wuri, da gidan sauro, da rigakafi, da yawan shan ruwa.

Wani dattijo ya ce mini tsoronsa kada yarinya mai AS ta rasa mijin aure in gari ya sani. Tsoron yana da tushe, shi ya sa sakamakon a hannun iyaye kaɗai ya kamata ya tsaya, kada a karanta shi a aji. Kuma a gaya musu ƙarara cewa AS ba ciwo ba ne: idan ta auri mai AA, ba ɗanta ko ɗaya da zai fito SS, kuma masu AA su ne mafi yawan samarin garin.