Injin sassabe a ƙasar Dakoro: a auna doki kafin a sayi sirdi

A wannan mako za mu bar Maradi mu nufi arewa, tafiyar kilomita ɗari da ƴan kai, zuwa ƙasar Dakoro, inda gonakin gero suke ƙarewa makiyaya take somawa. Tun ranar 26 ga watan Mayu 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ne jama'a suka riƙa a matsayin alamarta. Ban da fari, abubuwa biyu ne ke cin wannan makiyaya. Na farko garmani, tsiron nan mai taurin kara wanda dabba ba ta so, wanda yake mamaye burtali da filayen kiwo har ya hana gadagi da ƙarangiya fitowa. Na biyu wutar daji, wadda take zuwa da ƙarfi a shekarar da damina ta yi kyau, domin da zarar ciyawa ta bushe a watan Oktoba, iskar hunturu ta taso, guntun taba ɗaya ya isa ya cinye abincin garke dubu.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya zuba kuɗinsa ya sayi ƙaramar tarakta domin haya ya san cewa aikin huɗa ba ya wuce ƴan makonni. Sauran shekara ƙarfe yana zaune ƙarƙashin rumfa, direba yana jiran albashi. Shi ya sa hankali yake komawa ga injin sassabe, wanda takardun dillalai suke kira da Faransanci gyrobroyeur. Tunani ne mai kyau, amma wurin sayen ne ake yin asara.

Shi dai injin ba wani abin al'ajabi ba ne. Faffaɗan murfi ne na ƙarfe da ake ratayawa a hannuwa uku na bayan tarakta. A ƙarƙashinsa akwai wuƙaƙe biyu masu kauri da nauyi, kowace tana lilo a kan ƙusarta, domin in ta daki kututture ta kauce ta dawo. Ƙarfin juya su yana fitowa daga sandar juyi ta bayan tarakta, wadda take yin zagaye 540 a minti ɗaya, ya bi ta kardan ya shiga akwatin giya da ke bisa murfin. Bakin wuƙar yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Da wannan gudu yake sara, kaifi ba shi ne abin dogaro ba.

To, wane girma ya kamata a saya? Ƙa'idar da masu ƙera shi suke bi ita ce kowane santimita 30 na faɗin yanka yana son ƙarfin doki biyar. Wato mai faɗin mita 1,20 yana son doki 20, mai mita 1,50 doki 25, mai mita 1,80 doki 30. Sai dai a kula da kyau, ƙarfin da ake nufi shi ne wanda ya iso sandar juyi, kuma adadin da aka rubuta a jikin tarakta na injinta ne, wanda kusan kashi ɗaya cikin shida nasa yake ɓacewa a hanya. Taraktar da aka ce doki 30 gare ta, abin da za ta miƙa wa wuƙaƙe bai fi 25 ba, in ma sabuwa ce. Wadda ta sha aiki a Turai ko a Najeriya kafin ta iso mu, sai a ƙara rage mata. Tsohuwar Massey Ferguson 135, mai doki wajen 45, tana ɗaukar mai mita 1,50 ba tare da nishi ba, har ma mai mita 1,80 in ciyawar ba ta yi duhu ba. Ƙananan nan masu doki 20 zuwa 25 kuwa, mita 1,20 ne rabonsu, ko da dillali ya rantse.

Na san abin da ke jan mai saye zuwa ga babba: yana ganin faɗi shi ne riba. Amma in inji ya fi ƙarfin tarakta, da an shiga ɗanyen garmani sai juyin ya ragu, wuƙa ta bar sara ta koma kwantar da tsiro, hayaƙi ya yi baƙi, ruwan radiyata ya tafasa. Direba ya koma giya ta ɗaya yana rarrafe, gazuwal yana ƙonewa, ribar faɗin ta tafi. Akwai kuma ma'auni na biyu, wanda igiya kawai ake bukata a yi shi: faɗin yanka ya kai faɗin tayoyin baya daga waje zuwa waje, in ba haka ba taya ta riƙa take ciyawar da wuƙa ba ta kai gare ta ba, bayan kwana biyu ta miƙe kamar ba a yi aiki ba.

Nauyi ma abin dubawa ne. Mai mita 1,50 yakan haura kilo 200, kuma nauyin yana rataye ne can baya. In aka ɗaga shi, gaban ƙaramar tarakta ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, a kan tudun rairayi irin na Tarka tana iya ɗaga hanci. Dole aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin duka ya zauna a kan tayoyin gaba, a ƙara mata ƙarafa a goshi in ta kama.

Akwai wata ƴar ƙusa a kan kardan da aka yi ta da ƙarfe mai laushi da gangan, domin ta karye in wuƙa ta daki abin da ya fi ƙarfinta. Karyewarta ita ce aikinta. Abin da ya zama ɗabi'a shi ne, in ta karye sau uku, direba ya fusata ya nemo taurarren ƙarfe ya cusa, ko ya kai wa mai walda ya liƙe wurin. Ranar da aka sake dukan suri ko kututturen aduwa, sai haƙoran giya su zube, wataƙila har na cikin tarakta. Wanda zai yi aiki cikin daji sosai, gara ya ƙara kuɗi ya sayi kardan mai faifan sulɓi, wanda yake zamewa in abu ya cije.

Ga ɗan lissafi ga masu son shiga kwangilar share hanyoyin tare wuta. Faɗin mita 1,50 da tafiyar kilomita 5 a awa, a takarda sun ba da kashi uku cikin huɗu na hekta. A cire juyawa da tsayawa da share radiyata, a ce 0,6. In hanyar tana da faɗin mita 20, kilomita ɗaya hekta biyu ke nan, zuwa da komowa sahu goma sha huɗu, fiye da awa uku. Kilomita 50 za su ci kwana 21, in ana awa takwas kullum babu lalacewa. Wanda ya sa hannu cewa zai gama cikin mako guda ya ci bashin da ba zai iya biya ba.

Kuma ko an gama yankan, hanyar tare wuta ba ta samu ba. Wannan ita ce maganar da nake so hukumomin gari da ƙungiyoyin makiyaya su riƙe. Injin yana niƙe ciyawa ya bar ta a wurin, kuma niƙaƙƙiyar busasshiyar ciyawa tana ci da wuta sarai. Sai an bi baya da manjagara an kwashe, ko an bi da garma an rufe, har ƙasa ta fito fili. Saboda haka inji bai kori leburori ba, sauƙaƙa musu ya yi. Wanda yake sa ran sayar da abin da aka kwashe kuwa, ya san cewa ya dagargaje ya gauraya da rairayi, ba zai yi darajar wanda aka yanka da lauje ba. Sannan dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa ƙa'ida ga kwasar ciyawa domin kasuwanci, sai da izini. Aikin kuwa ya cancanci a yi shi daidai, domin a arewa kaɗan, cikin ƙasar Bermo da aka cire daga Dakoro a 2011, akwai gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. Wutar da ta tashi a makiyaya ba ta tsayawa a bakin gandu.

Game da garmani, lokaci ne kome. A sare shi tsakiyar damina kafin ya yi ƴaƴa. In aka bari ya bushe sannan aka shiga, injin ya zama mashuki, ya watsa irin ko'ina, har ya ɗauki wani a kan murfinsa ya kai filin da ba shi da shi. Yana kuma tohowa daga gindi, don haka sara ɗaya ba ta kashe shi, sai an maimaita an kuma watsa irin ciyawa mai amfani. A cikin gonaki, matsalar wata ce daban. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma. Wuƙa ba ta bambanta su da garmani. Sai mai gona ya zagaya da direba, a kafa sanda a ɗaura tsumma a kan kowane, kafin a tada inji.

Wajen aiki, a daidaita tsawon yanka kamar santimita 10 daga ƙasa, gaban murfin ya ɗan fi bayansa sauka da yatsa biyu. In aka sauke fiye da haka, wuƙa ta riƙa shan rairayi, ta cinye cikin ƴan kwanaki. Zagaye 540 a minti yana nufin tara a daƙiƙa ɗaya: bakin rawani ko hannun babbar riga in ya taɓa kardan marar murfi, babu lokacin ko salati. Ƙashi ko guntun ƙarfe da wuƙa ta ɗauka yana iya tashi har mita 100, ga shi kuma yaran ƙauye ba su da abin kallo da ya fi tarakta, sai an sa babba ya kore su. Wasu tsofaffin taraktoci, ko an taka kuloci, juyin wuƙaƙen yana ci gaba da tura su gaba, maganinsu wani ɗan ƙarfe ne mai juyi gefe ɗaya da ake sawa a bakin sandar. A lokacin rani kuma, ƙaiƙayi yakan taru kusa da bututun hayaƙi, sai a tafi da jarkar ruwa, a fara da sassafe a tsaya kafin iska ta taso.

Kafin a biya, a tambayi dillali ko ana samun wuƙaƙen wannan samfuri a Maradi, ko sai an aika Katsina ko Kano. Biyu biyu ake sauya su, domin in ɗaya ta fi ɗaya nauyi girgiza za ta tsaga murfin. A sayi na ajiya tun ranar, tare da ƙusoshin karyewa kamar goma da man giya lamba 90.